Yadda Ake Zaɓar wa Jariri Sunan da Ba a Cika Ji Ba

A ƙauyukanmu na ƙasar Kano da Jigawa, idan malamin makaranta ya kira Aisha ko Muhammadu, yara biyar ko shida ne za su ɗago kai a aji guda, shi ya sa iyaye da yawa a yanzu suke neman sunan da zai bambanta ɗansu da na maƙwabta. Neman ba laifi ba ne, amma kwana bakwai da ke tsakanin haihuwa da ranar suna ba su isa bincike ba, domin hidimar mai jego da 'yan barka da neman rago da goro takan cinye su. Saboda haka ya kamata maigida da matarsa su fara shawara tun ciki yana wata bakwai ko takwas, su tanadi suna biyu na namiji da biyu na mace.

Abu na farko shi ne a raba tsakanin sunan yanka, wanda liman zai raɗa, da laƙabin da za a riƙa kiran yaro da shi a gida, domin kowanne da inda ake nemo shi.

Sunan yanka, mafi aminci a nemo shi cikin sunayen sahabbai, waɗanda yawancinsu har yau ba su yaɗu a karkara ba. A ɓangaren mata akwai Nusaiba, sunan 'yar Ka'abu wadda ta tsaya kare Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a yaƙin Uhudu; akwai Rufaida, wadda ta kafa tanti tana jinyar waɗanda aka ji wa rauni; akwai Shifa'u, ma'anarsa waraka, sunan matar da ta koya wa Nana Hafsa rubutu. Juwairiyya sunan matar Annabi ne, kuma ma'anarsa 'yar ƙaramar yarinya. A ɓangaren maza akwai Miƙdadu da Suhaibu da Ukasha da Safwanu da Arƙamu, wanda a gidansa ne Musulmin farko suke taruwa a Makka. Sai dai a sani cewa darajar irin waɗannan sunaye daga masu su take, domin a harshen Larabci Arƙamu maciji ne mai dabbare-dabbare, Safwanu kuwa dutse ne mai santsi. Wanda ya san haka ya zaɓa don koyi da sahabin, ya yi daidai, kuma zai iya ba ɗansa amsa ranar da ya tambaye shi.

Inda aka fi yin kuskure shi ne ɗauko kalma daga Alƙur'ani don daɗin sautinta kawai. Ba kowace kalma da ke cikin Littafin ce ta dace da suna ba, tunda a cikinsa an ambaci wuta da azaba da kafirai. Kalmar Zanim, alal misali, tana cikin Suratul Ƙalam, amma zargi ce mai muni. Haka nan harafi ɗaya ko biyu suna juya ma'ana: Asiya matar Fir'auna mace ce saliha, amma akwai wata kalmar Larabci mai kama da ita wadda take nufin mai saɓo, kuma ita ce Annabi ya canza wa wata mata ya mayar da ita Jamila. A rubutun boko duka biyun iri ɗaya suke fita. Don haka duk sunan da aka tsinta a waya ko aka ji a fim, a kai wa malamin da ya san Larabci, a ce: "Allah gafarta Malam, a rubuta mana shi da Larabci, a gaya mana ma'anarsa da wanda ya taɓa amsa shi." Idan malam ya kasa gano asalinsa, a haƙura da shi.

Bayan malam, sai kaka. A faɗa wa tsohuwar gidan sunan, a saurari yadda zai fito daga bakinta, domin yadda ta furta shi haka gari zai ɗauka. Bakin Bahaushe ne ya mayar da Khadija Hadiza, ya mayar da Abubakar Habu, kuma ba zai ƙyale sabon suna ba. Idan abin da ya fito ya yi kama da zagi ko da wata kalmar da yara za su samu abin tsokana a makarantar allo, a sake shawara tun kafin a raba goro.

Laƙabi kuwa, a ganina, nan ne muka yi sakaci da dukiyar da ke cikin gidanmu, har ta kai sunayen kakanninmu sun fi na Larabawa wuyar ji a bakin yaran yau. Waɗannan sunaye labarin haihuwar suke bayarwa. Namijin da ya biyo mata shi ne Tanko, macen da ta biyo maza ita ce Kande ko Delu, mai bin tagwaye kuwa Gambo. Wanda aka haifa lokacin noma Nomau ne, na ranar salla Sallau, mace Tasalla, ta watan azumi Azumi. Tunau shi ne wanda ya zo bayan uwa ta daɗe ba ta haihu ba, Shekarau wanda ake ganin ya daɗe a ciki, Cindo mai yatsa shida, Mairiga wanda ya fito lulluɓe. Sunayen rana irin su Ɗanlami da Jummai da Talatu da Asabe ba sa buƙatar bayani. Sharaɗin kawai shi ne laƙabin ya dace da yaron, kada a kira ɗan fari Gambo don sunan ya yi daɗi, mutanen gari za su yi ta tambayar ina tagwayen.

Akwai rukunin da ya kamata a yi hattara da shi, wato sunayen 'ya'yan wabi, irin su Ajuji da Ayashe da Ajefas. Iyayen da 'ya'yansu ke rasuwa suna ƙanana ne suka riƙa sa su don nuna kamar ba su damu da yaron ba, da fatan ya rayu. Sunaye ne masu nauyin baƙin ciki, kuma malamai ba sa goyon bayan camfin da ke ƙarƙashinsu. Mai son tuna irin wannan jarrabawa yana iya ɗaukar Dogara ko Kyauta.

Sau da yawa dangi za su nace a yi wa kaka ko wani malami takwara, kuma ba a cika cin nasarar jayayya da su ba. A nan alkunya takan warware matsalar, domin uwa ba za ta kira sunan surukinta ba, dole a nemi wani. Maimakon Abba ko Ummi da suka cika kowane gida, sai a sa laƙabin da aka tanada.

Idan an tsayar da magana, uba ya rubuta sunan a takarda ya miƙa wa liman da safiyar suna, don kada a ji wani abu dabam a bakin sanƙira. Wannan rubutun ne za a kai wajen karɓar takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, shi ne kuma za a bai wa makaranta, harafi da harafi, domin Rufaida a takarda ɗaya da Rufa'ida a wata ya isa ya sa yarinya zirga-zirgar gyaran suna a lokacin rajistar jarrabawa ko katin ɗan ƙasa.