Zaɓen inji da na'urar sarrafa gudu ga motar rimot mai hawan dutse

Wanda ya saba da motar rimot ta tsere, in ya zo sayen inji, tambayarsa ta farko ita ce nawa yake gudu. A motar hawan dutse wannan tambayar ba ta da amfani sosai. Abin da kake nema da kuɗinka shi ne tafiyar hawainiya: ka taɓa totur kaɗan, taya ta juya a hankali har kana iya ƙirga haƙoranta, ta ɗafe gefen dutse, ta ɗaga motar ba tare da fizga ba. In ka saki totur a tsakiyar gangare kuma, motar ta tsaya cak a inda take. Waɗannan abubuwa biyu, laushin tashi da ƙarfin riƙo, su ne ma'aunina ga kowane inji da kowace na'urar sarrafa gudu, wadda ake rubuta wa ESC a jikin kwali.

Maganata a kan motoci masu girman 1/10 ce, irin su Axial SCX10, Traxxas TRX-4 da Element Enduro. Ƙananan irin SCX24 da TRX-4M kayansu daban ne, kada ka sayo musu abin da zan ambata.

Shawarata ga mai farawa ita ce inji mai buroshi, wato wanda wasu ƙananan sanduna da ake kira buroshi ke gogar ɓangarensa mai juyawa suna kai masa wuta. Na san ana yi masa kallon tsohon yayi, amma a ƙaramin gudu yana da laushin da sai ka kashe kuɗi sosai kafin marar buroshi ya kamo shi. Waya biyu ce kawai, ga arha, kuma ruwa bai cika damunsa ba. Za ka ga lamba 540 ko 550 a jikinsa. Kaurinsu ɗaya, sai dai 550 ya fi tsawo, don haka ya fi ƙarfin murɗa, ya kuma fi dacewa da mota mai nauyi. Ka auna wurin da zai zauna kafin ka saya, domin a wasu motocin tsawon 550 yana tokare wani abu.

Sai lambar da ke da harafin T, wato yawan naɗin waya a cikin injin. Yawan naɗi na rage gudu, yana rage shan wuta, yana ƙara natsuwa. Mai 27T yana da ɗan zafin nama, ya dace da wanda rabin wasansa bin hanya ne cikin daji. Mai 55T a hankali yake tafiya ƙwarai, ya dace da dutse zalla, amma in kana tafe a ƙasa kana bin motar daga wannan dutse zuwa wancan za ka gaji da jiranta. Ni 35T nake sa wa a mafi yawan lokuta, musamman da batir 3S, wato mai sel uku a jere (2S mai sel biyu ne), saboda yana rarrafe da kyau kuma in taya ta buƙaci ɗan juyi mai sauri don ta haye wani tudu, yana da shi.

Akwai wani tarko a nan da ya kamata ka sani. Injinan buroshi iri biyu ne ta ciki: mai rami uku da mai rami biyar, wato ramukan da ake naɗa waya a cikinsu. Mai rami biyar ya fi laushin tashi nesa ba kusa ba, amma lissafin naɗinsa daban ne. Kamfanin Holmes Hobbies na Amurka yana sayar da CrawlMaster mai rami biyar da lambobi irin 13T da 16T, kuma wanda bai sani ba zai ɗauka injin tsere ne. Ba haka ba ne, gudunsu yana kusa da na mai rami uku da ke ɗauke da lamba kusan ninki biyu. Saboda haka kada ka kwatanta lambobin T sai ka tabbatar ramukan daidai suke.

Yanzu ga inda nake so ka fi sa kuɗinka. Inji mai arha da ESC mai kyau ya fi inji mai tsada da ESC na banza, domin ESC ne ke yanke yawan wutar da za ta shiga injin a daidai lokacin da ɗan yatsanka ya motsa. Abu na farko da za ka duba shi ne birkin riƙo, wanda ke kama taya da kansa da zarar totur ya koma tsakiya. In babu shi, ko kuma ba a iya daidaita ƙarfinsa, ajiye na'urar ka nemi wata. Na biyu, ta iya shiga ribas kai tsaye. ESC na motar tsere yakan bukaci ka tura totur baya sau biyu kafin ya koma da baya, kuma a lokacin da gaban mota ya ɗaga tana shirin kifewa, wannan jinkirin ya isa ta wuntsila. Na uku shi ne wutar da take bai wa ɗan injin sitiyari, ana rubuta ta BEC. Juya manyan tayoyi da suka maƙale tsakanin duwatsu biyu na jan wuta sosai. In BEC ɗin mai rauni ne za ka ga fitilu na ƙiftawa, sitiyari ya mutu na ɗan lokaci, wani sa'in ma motar ta daina jin rimot. Nemi wanda zai ba da akalla amfiya 3, kuma za a iya ɗaga shi daga bolt 6 zuwa 7.4, amma sai in ɗan injin sitiyarinka da risibarka, wato na'urar da ke karɓar saƙon rimot a cikin motar, suna ɗaukar 7.4 ɗin.

Hobbywing QuicRun 1080 ya cika duk waɗannan sharuɗɗan, shi ya sa za ka same shi a cikin motocin mutane da yawa. Amfiya 80 ne, ruwa ba ya shigarsa, yana ɗaukar batir LiPo, wani nau'in batirin litiyam, 2S da 3S, kuma ana saita shi da ɗan kati mai maɓallai. Ga yadda nake saita shi: gaba da ribas kai tsaye, birkin riƙo a sama, amma saurin kamawarsa a tsakiya. Dalili kuwa, in birkin yana cafkewa nan take, mota mai saukowa daga gangare takan dungura ta kan hancinta da zarar ka saki totur. Ka kuma rage ƙarfin tashin farko zuwa ƙasa, sannan ka tabbatar an zaɓi LiPo a saitin batir don na'urar ta yanke wuta kafin batirin ya zube fiye da kima.

To, marar buroshi fa? In za ka je can, kada ka kuskura ka sayi irin na tsere marar sensa, wato 'yar na'urar da ke sanar da ESC inda maganaɗisun injin yake. A ƙaramin gudu ESC ɗin bai san inda maganaɗisun injin yake ba, sai ya riƙa laluɓe, motar tana kakkarwa tana fizga a daidai inda kake buƙatar natsuwa. Nemi mai sensa, ko kuma tsarin da ake kira FOC, wanda ke sarrafa wutar injin da laushi ko a ƙaramin gudu. Lambarsu KV ce, ma'ana juyi nawa a minti ɗaya kan kowane bolt. Mai 1800KV a kan batir 3S, bolt 11.1, yana kusan juyi 20,000 a minti in ba ya jan komai. Tsakanin 1200 da 2300 ake zaɓa wa hawan dutse, kuma 1800 ya ishi yawancin mutane. Hobbywing Fusion ya haɗe inji da ESC a gwangwani guda, wayoyi sun ragu, wuri ya samu. Halinsa ne ya kamata ka sani tukuna: yana riƙe gudun da ka ba shi ko da taya ta ci karo da dutse, yana ƙara ƙarfi da kansa. Wasu suna son haka ƙwarai. Ni ina jin kamar yana ɗauke mini wani abu daga yatsana, domin da injin buroshi ina jin lokacin da mota ta fara wahala, in ƙara mata da kaina. Amma wannan ra'ayi ne, kuma ba na musun cewa marar buroshi ya fi jimirin batir, ba ya kuma buƙatar gyara.

Wannan maganar gyaran tana da nauyi a wurinmu. Injin buroshi a buɗe yake, ƙurar hunturu da yashi suna shiga ta ramukansa su cinye buroshin da wuri. Ka riƙa hure shi bayan wasa, ka ɗiga ɗan mai a bakin sandar gaba da baya, ɗigo ɗaya kawai. Zafin bazara ma abin lura ne: bayan minti goma na hawa, ɗora yatsa a jikin injin. In ba za ka iya barinsa na daƙiƙa uku zuwa biyar ba, ya doshi digiri 70, kuma maganaɗisu na raunana da irin wannan zafin. Maganinsa shi ne ka sa ƙaramin giyan kan inji mai ƙarancin haƙora, ko ka koma batir 2S.

Kafin ka biya kuɗi, duba abubuwa uku da ke sa kaya su iso su kasa shiga. Kaurin sandar yawancin injinan 540 da 550 milimita 3.175 ne, giyanka ya dace da shi, haƙoransa kuma su zama irin na babban giyan, 32P ko 48P a ma'aunin girman haƙora, ba a gauraya su. Soket ɗin batir, XT60 ne ko Deans ko na Traxxas, ya yi daidai da naka, in ba haka ba sai ka nemi mai soda. Sai wajen da injin ke juyawa: TRX-4 yana zuwa da Titan 550 mai 21T wanda ke juyi ta baya. A injin buroshi musanya wayoyi biyu ya wadatar, amma a mai sensa kada ka taɓa jerin wayoyin, cikin saitin ESC ake sauya shi.

In ka gama haɗawa, ɗora motar a kan wani abu yadda tayoyi za su rataye a iska, ka koya wa ESC iyakar toturin rimot ɗinka: tsakiya, gaba duka, baya duka. Sannan ka kai ta gangaren siminti ko dutse mai santsi, ka hau rabi, ka saki totur. In ta zame da tayoyi suna juyawa, ƙara birkin riƙo. In tayoyin a tsaye suke amma tana zamewa, injinka da ESC sun yi aikinsu, sai ka koma kan tayoyi da rabon nauyin motar.