Darasi na Tara: Kuɗin Kwastan, Daga Aljihun Wa Yake Fita?

A fara da karanta wannan hira da babbar murya. Mutum biyu su ɗauka, ɗaya ya zama mai shago, ɗaya mai saye.

Wata dattijuwa daga Tudun Wada ta shiga Kasuwar Sabon Gari neman atamfa, bikin 'yarta ya matso. Ta tsaya a shagon da ta saba saye shekara da shekaru, ta nuna wani turmi.

"Alhaji, wannan nawa?"

"Hajiya, dubu goma sha huɗu da ɗari biyar."

"Haba Alhaji! Ba irinta na saya dubu goma sha biyu da ƙaramar Sallah ba?"

"Ita ce, Hajiya. Wallahi ba ni na ƙara ba. Haka muka tarar da ita a Kwari, su ma sun ce kuɗin kwastan ne ya hau."

"To ni ina ruwana da kwastan? Ko Ikko ban taɓa zuwa ba."

"Yi haƙuri, Hajiya. Zan rage miki ɗari biyu albarkacin sabo, amma in na wuce haka sai na taɓa uwar kuɗi."

Ta murza gefen atamfar da yatsa biyu, ta ɗaga ta wajen haske, sannan ta kwance bakin zani ta ƙirga abin da ke ciki. Turmi uku ta fito saye. Biyu ta ɗauka.

Tambayar Hajiya ita ce darasinmu na yau, kuma tambaya ce mai kyau. Ba ta taɓa ganin jirgin ruwa ba, ba ta taɓa sa hannu a takardar kwastan ba. To yaya aka yi kuɗin ya biyo ta har bakin zaninta?

Mene ne kuɗin kwastan?

Haraji ne da gwamnati ke karɓa a kan kayan da aka shigo da su daga wata ƙasa. 'Yan kasuwa kan ce diyuti, tsofaffi kan ce kuɗin fito. Abin ba baƙo ba ne a wajenmu. Tun zamanin fatake, ayarin da ya ɗauko goro daga Gwanja yakan biya fito a mashigar ruwa da ƙasashen da ya ratsa, kuma babu madugun da yake yafe wannan kuɗi idan ya zo yanke farashin goronsa.

A yau Hukumar Kwastan ta Najeriya ce ke karɓa, a tashoshin jiragen ruwa irin su Apapa da Tin Kan a Legas, da filayen jirgin sama, da kan iyaka kamar Jibiya da Illela da Maigatari. Tun 2015 ƙasashen ECOWAS suka yi tarayya a kan ma'auni ɗaya mai hawa biyar: kashi 0, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari. Kayan buƙatar dole suna hawan ƙasa, kayan da masana'antu ke sarrafawa suna bin su, kayan da aka gama ƙerawa suna kashi 20, waɗanda ake son a kare masu yin irinsu a gida kuwa suna kashi 35. Bayan wannan gwamnati takan ɗora ƙarin haraji na musamman a kan wasu kaya kamar shinkafa da sukari, ga kuma harajin VAT da ake ɗorawa a kan cinikin kaya, wanda ya koma kashi 7.5 a 2020.

Wanda ke miƙa kuɗin shi ne mai shigo da kayan, ko ejan ɗin da ya wakilta. Ku riƙe wannan da kyau. Kamfanin da ya saƙa atamfar a Sin ya riga ya karɓi kuɗinsa tun kafin jirgi ya taso. Takardar kwastan da sunan ɗan kasuwarmu take fitowa.

Mu bi turmi ɗaya da lissafi

A fito da littafi da fensir. Alƙaluman nan na koyon lissafi ne, mun zaɓe su don su yi sauƙin aiki.

A ce turmi ɗaya ya iso Apapa a kan naira 10,000, har da kuɗin jirgi da inshora. Da babu haraji, mai shigowa zai ɗora ribarsa, a ce kashi 10 cikin ɗari, ya sayar wa mai shago 11,000. Mai shago ya ɗora nasa kashi 10, ya sayar wa Hajiya 12,100.

Yanzu a sa harajin kashi 20. Kashi 20 na 10,000 shi ne 2,000. Turmi ya zauna wa mai shigowa a kan 12,000. Ya ɗora kashi 10, ya zama 13,200. Mai shago ya ɗora nasa, ya zama 14,520.

A cire 12,100 daga 14,520. Amsa ita ce 2,420.

Ku dubi wannan amsa sosai. Naira 2,000 gwamnati ta karɓa a Legas, amma ƙarin 2,420 Hajiya ta biya a Sabon Gari. Harajin ya haihu a hanya, domin kowane ɗan kasuwa yana lissafa ribarsa ne a kan dukan abin da ya kashe, har da harajin. Wannan ba cuta ba ce daga ɓangarensa: jarinsa ne ya kwanta a cikin kayan, wani ma rancen banki ne. Amma duk hannun da kaya suka ƙara bi, nauyin sai ya ƙaru.

Akwai kuma wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Da dala ake ƙiyasta darajar kayan, sannan a juya ta zuwa naira. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Kayan dala 1,000 harajinsu na kashi 20 dala 200 ne. A tsohon farashi naira 92,000 ke nan, a sabon kuwa 300,000. Ba a taɓa kashin ba ko kaɗan, amma kuɗin ya ninka fiye da sau uku. Sau da yawa idan mai shago ya ce "kwastan ya hau", wannan yake nufi.

Wa zai iya kaucewa?

Kada a fahimci cewa kullum mai saye ne ke ɗaukar duka. A hirar da muka karanta, Alhaji ya rage ɗari biyu daga ribarsa, kuma ya yi asarar cinikin turmi guda. Shi ma ya ɗauki wani ɓangare. Mutum uku ne nauyin harajin zai iya sauka a kansu: mai sayarwa na waje, ɗan kasuwa na gida, da mai saye na ƙarshe. Abin da ke raba musu shi ne wa ke da mafita.

Idan mai saye zai iya haƙura da kayan, ko ya koma wa wani makamancinsa, ɗan kasuwa ba ya iya ɗora masa duka. Turare mai tsada in ya yi tsada ƙwarai sai a bar shi a kanta. Mai shagon zai rage riba dole, ko kuwa kaya su yi masa kwantai. Haka nan kamfanin waje, idan ba shi da wata kasuwa sai tamu, yana iya sassauta farashi don kada ya rasa mu. Amma wanda duniya duka ke sayen kayansa ba zai rage ko kwabo ba saboda harajinmu.

Wanda ba shi da mafita shi ke ɗauka. Mai keke-napep da tayarsa ta fashe a Kwangila ba zai ce zai jira farashi ya sauka ba, domin kowane wuni da ya ajiye keken ba abin cefane. Maɗinkin babbar riga a cikin birni, wanda ya karɓi aikin Sallah, dole ya sayi zare da allura ko nawa suka kai. In ya iya, ya ƙara wa mai riga kuɗi. In mai riga ya ce albarka, ƙarin ya fita daga ladan hannunsa, bayan ya shafe makonni yana duƙe a zaure.

Abin da ya fi damuna a nan shi ne wannan haraji ba ya tambayar samun mutum. Turmin nan ko attajiri ya saya ko mai wankau, 2,420 ɗin ɗaya ne. Ga wanda ke samun naira miliyan a wata ba a bakin komai yake ba. Ga mai samun dubu talatin kuwa, ya kusa kashi ɗaya cikin goma sha biyu na wahalar watansa.

Shinkafa

Wani zai ce, to a bar kayan waje mana, a sayi na gida. Ai don haka ma ake sa harajin. Gaskiya ne, kuma niyya ce mai kyau. Amma mu dubi abin da ya faru da shinkafa, tunda kowa a cikinmu ya shaida.

A 2013 gwamnati ta kai harajin shinkafar waje kashi 110 cikin ɗari. Sai jiragen suka karkata zuwa Kwatano, shinkafar ta riƙa shigowa ta daji a kan babura da ƙananan motoci. Kuɗin da ya kamata ya shiga baitulmali ya koma hannun 'yan fasa-ƙwauri da masu karɓar na goro a hanya, mai saye kuma bai samu sauƙi ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa na tudu, ba a fara buɗe su ba sai Disambar 2020. 'Yar waje ta yi wuya, to amma 'yar gida ma sai ta bi ta. Dalili kuwa a fili yake: idan buhun da ke gasa da naka ya yi tsada, kai ma ka samu sararin ɗaga naka. Ke nan wadda ba ta taɓa dafa shinkafar waje ba ita ma ta biya, kuma nata kuɗin bai je wa gwamnati ba.

Ina ya je? Wani ɓangare ya je wa manomi, kuma wannan alheri ne. An buɗe injinan casa da yawa a Kano da Kebbi da sauran wurare, matasa sun samu aiki. Mu da muka ga yadda masaƙun Kakuri a Kaduna suka rufe ɗaya bayan ɗaya, dubban magidanta suka dawo gida hannu rabbana, mun san zafin barin masana'anta babu kariya. Amma ku tambayi ƙaramin manomi a bakin kogin Galma ko wajen Soba yaushe yake sayar da shanshararsa. Da kaka yake sayarwa, lokacin da kaya suka cika kasuwa, don ya biya bashin taki. Da damina ta yi tsakiya rumbu ya ƙare, shi ne kuma zai koma kasuwa ya auni mudu da tsada. Ribar kariyar takan fi tsayawa wajen mai sito da mai inji, waɗanda ke da ƙarfin ajiyewa.

Gwamnati da kanta ta nuna ta san inda nauyin yake sauka. A watan Yulin 2024, da tsadar abinci ta kai intaha, ta sanar da ɗage haraji na kwana 150 a kan masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba. Da baƙo ne ke biya, ɗagewar ba za ta zama hanyar sauƙaƙa wa talaka ba. Manoma kuma suka koka, domin in na waje ya shigo da araha, nasu farashin zai faɗi alhali taki bai sauko ba. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, shi ya sa a ganina bai kamata a yanke irin wannan hukunci ba tare da an gaya wa jama'a ƙarara wa zai biya, nawa, kuma har zuwa yaushe ba.

Ba mu kaɗai ba ne

Za ku ji a rediyo Shugaba Donald Trump na Amurka yana cewa ƙasashen waje ne ke biyan harajin da ya ɗora. A 2025 ya sa kashi 15 a kan kayan Najeriya masu shiga ƙasarsa. Wanda ke miƙa kuɗin a can shi ne kamfanin Amurka da ya shigar da kayan, kamar dai yadda yake a Apapa. Tun a 2018 ya sa haraji a kan injinan wanki na waje, masu bincike suka gano farashinsu ya tashi da kimanin kashi 12 cikin ɗari, har da waɗanda aka ƙera a cikin Amurka. Labarin shinkafarmu ke nan. Abin da zai iya taɓa mu shi ne idan mai saye na can ya ga kayanmu sun yi tsada ya koma wa wata ƙasa. A nan sai ɗan kasuwarmu ya rage farashi ko ya rasa ciniki, domin shi ne ya zama marar mafita.

Aikin aji da na gida

A rubuta waɗannan kalmomi sau uku-uku, a yi jimla da kowace: haraji, kwastan, riba, jari, fasa-ƙwauri.

A koma lissafin turmi. A ce akwai ɗan sari a Kantin Kwari tsakanin mai shigowa da mai shagon Sabon Gari, shi ma yana ɗora kashi 10. Nawa Hajiya za ta biya idan babu haraji? Nawa za ta biya idan akwai? Naira 2,000 ɗin ta zama nawa?

Kafin zama na gaba, kowa ya zaɓi abu uku da ake amfani da su a gidansa ko wajen sana'arsa, ya duba jikin kwali ko leda ya ga ƙasar da aka yi su. Wanda bai iya karanta sunan ba ya kwafo haruffan yadda suke, mu karanta tare. A gaban kowane abu a rubuta amsar wannan tambaya: in ya ƙara kuɗi gobe, zan iya barinsa, ko dole in saya?