Yadda Ake Shirya Baje Kolin Zanen Fenti na Haɗin Gwiwa

Kafin a nemi zaure, a fara samo abin da zai ɗaure ayyukan wuri guda, domin idan masu zane takwas suka kawo duk abin da ya rage musu a ɗaki, mai kallo zai ji kamar ya shiga kasuwa. Ɗaliban da suka kafa ƙungiyar Zaria Art Society a 1958, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya, hannun kowa daban ne, amma ra'ayi ɗaya ya haɗa su, wato auren fasahar gargajiya da dabarun da suka koya daga Turawa. Jigo irin wannan ake nema, ko da ƙarami ne kamar kasuwar dare ko rini.

A ɗora wa mutum ɗaya alhakin zaɓen zane-zanen, kuma ya fi kyau ya kasance ba shi da zane a ciki, saboda kunya da alkunya sun sha ɓata bango mai kyau. Daga nan sai yarjejeniya a rubuce da mai zauren: ranar kawo aiki da ranar kwashewa, wanda zai biya idan zane ya yage, da kamashon zauren, wanda a wurare da yawa yakan kai kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na farashi.

Ratayewa ita ce ainihin aikin. A jingina zane-zanen a ƙasa, jikin bango, a yi ta sauya musu wuri kafin a buga ƙusa ko ɗaya. Tsakiyar kowane zane, babba ko ƙarami, ta kasance kimanin santimita 145 daga ƙasa, wato daidai idon mai matsakaicin tsayi. Wannan layi ɗaya shi ke sa ayyukan mutane daban-daban su zauna lafiya da juna. Kada a ajiye ƙaramin zanen fentin ruwa kusa da ƙaton zane mai jan launi, domin zai haɗiye shi. Fitila kuwa ta sauko a karkace, kimanin digiri 30, don kada fenti ya riƙa ƙyalli, kuma a guji bangon da rana ke duka kai tsaye.

Zanen fentin mai da aka gama jiya kada a karɓe shi. Fentin akirilik yana bushewa cikin awanni, amma fentin mai yakan ɗauki kwanaki kafin ya taɓu, kuma a lokacin hunturu ƙura tana manne masa har abada.

Gefen kowane zane a liƙa ƴar takarda mai ɗauke da sunan mai zane, sunan aikin, shekara, irin fentin da kuma girma, tsayi kafin faɗi. Ranar buɗewa a tanadi janareto, kowane mai zane ya tsaya kusa da aikinsa. Zanen da aka saya sai a manna masa jan ɗigo, amma ya ci gaba da zama a bango har ranar rufewa.