Yadda Ƙaramin Manomi Zai Haɗa Takin Rami a Jos

Duk mai 'yar gona ko lambu a kewayen Jos, ko a bakin kududdufan da haƙar kuza ta bari a wajen Bukuru da Barikin Ladi, ya san kuɗin takin zamani kan cinye ribar kabeji da dankalin turawa tun kafin a kai su kasuwar Farin Gada. Amma kuma karan masarar da ake cinna wa wuta bayan girbi, shi ne abincin da ƙasar take nema.

A fara aikin a watan Nuwamba, domin takin ya nuna kafin ruwan Afrilu ya sauka. A haƙa rami a inuwa, zurfinsa kimanin mita 1, a shimfiɗa sassaren kara da busasshen ganye a ƙasa, a ɗora ɗanyen haki da ɓawon kayan miya, sannan kashin shanu ko na kaji, a barbaɗa toka da ƙasa kaɗan, a yayyafa ruwa. Haka za a yi ta jerawa har rami ya cika, a rufe da ciyawa. Kada a cika toka, domin idan ta yi yawa takan rage ƙarfin kashin dabbobin.

Wurin ba da ruwa ne mutane suka fi kuskure. A damƙi takin a tafin hannu: idan ruwa ya tsiyaya ta tsakanin yatsu, ya yi yawa, sai a ƙara busasshen kara, idan ya wargaje kamar gari, yana jin ƙishi. A soka doguwar sanda a tsakiya, a zaro ta bayan kwana 4 a taɓa. Idan akwai ɗumi, ruɓewa ta kankama. A riƙa juyawa da shebur duk bayan mako 2 ko 3, a kuma yi haƙuri, domin sanyin hunturun Jos kan ja aikin ya kai wata 3 ko fiye.

Ganyen dankali ko tumatirin da cuta ta kama, a ƙone shi daban. Mai ɗebo shara daga bola kuwa, lallai ya tsince leda da kwalba da mataccen batir.

Idan takin ya yi baƙi, yana ƙamshin ƙasar da aka yi wa ruwan farko, sai a zuba shi a gauraya da ƙasa lokacin huɗa, kada a bar shi a sarari rana ta busar da shi.