Yadda na gyara manhajar da ke sarewa a folda mai zurfi

Manhajar da na rubuta da Python don share tsofaffin fayil ta ci karo da folda cikin folda har sama da hawa dubu, nan take ta tsaya da RecursionError. Aikin yana kiran kansa ne a kowane hawa, iyakar Python kuwa kira 1000.

Ɗaga iyakar ɗage matsalar kawai yake yi. Sai na sa jerin jira: in ɗauko folda ɗaya, in leƙa ta da os.scandir (aikin Python da ke jero abin da ke cikin folda), in zuba 'ya'yanta cikin jerin, haka har ya ƙare.

Saura tsawon adireshi, wato jerin sunayen foldojin da ake bi kafin a kai ga fayil, tunda Linux ba ya karɓar wanda ya wuce bayit 4096. Shi kuma na riƙa buɗe kowace folda daga uwarta da dir_fd (zaɓin da ke gaya wa Python foldar da zai fara nema daga cikinta), da ɗan gajeren sunanta kaɗai.