Yadda za ka gane ko ambaliya na iya cin gidanka

Na taɓa kama hayar wani gida da rani, ko'ina tsaf, har ina yi wa kaina barka. Da damina ta kankama, wani dare na sauko da ƙafa daga gado sai na ji ta tsundum a ruwa, takalmana suna yawo a tsakar ɗaki. Tun daga ranar ba na yarda da gida sai na duba gindin bangonsa.

Durƙusa ka duba, ciki da waje. Ruwan da ya taɓa kwana a wuri yakan bar shata miƙaƙƙiya, ƙasanta ya yi duhu, fenti yana ɓarewa, wani lokaci har da gansakuka. In ka ga sabon fenti iya gwiwa, an bar sama yadda yake, to akwai abin da ake rufewa. Leƙa gidajen maƙwabta ma. In kowa ya ɗaga dokin ƙofarsa da bulo biyu, ba don ado ba ne.

Sai ka fita ka tsaya a bakin titi. Titin ne a sama ko tsakar gidan? In ido ya kasa rabewa, manhajar taswira ta Google Earth tana nuna tsayin ƙasar wuri daga teku, ka gwada naka da na kwari ko rafi mafi kusa.

Kada ka ce ai babu kogi a kusa. Ruwan sama na milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita guda ne cur. Ke nan rufi mai murabba'in mita 100, in aka tafka ruwan milimita 50, zai zubo da lita 5,000. Gida ɗaya fa. Haɗa da na unguwa duka, ga siminti an malale ko'ina, ga kwata cunkushe da leda.

Mai gida ba zai kushe gidansa ba, don haka nemi dattijon da ya daɗe a layin. Kada ka tambaye shi ko ana ambaliya, zai ce maka sai dai godiya. Ka ce, "Baba, shekarar da ruwa ya fi yawa, ina ya tsaya?" Zai nuna maka da hannu a jikin bango.

In da hali kuma, ka jinkirta biyan kuɗi sai an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ɗauki lema ka je ana tsaka da shi, ka ga inda yake bi, sannan ka koma washegari ka ga inda ya kwanta.