Maiƙon fuska da ƙuraje a zafin Accra, ki fara duba kanki tukuna

'Yan uwa mata duk wadda take zaune Nima ko Mamobi ta san gumin garin nan, ki yi wanka da asuba kafin ki sauka daga trotro a Circle fuska ta yi naso kamar takardar da aka naɗe ƙosai. Toh abin da na lura yawancinmu fuskar muke ta dirza alhali wani lokacin daga kai matsalar take gangarowa.

Ɗauki madubi ki duba. In ƙurajen sun taru a goshi da gefen kunne daidai inda hular hijabi take zama, man kitso ne wallahi. Mai kitso ta lafta miki man kaɗe ko basilin a kowace tsaga, ki ɗora hula ki ɗora hijabi, zufa ta narkar da shi ya sauko ya toshe ƙofofin fata. Ki ce mata, Anti a rage man dan Allah, a bakin gashi kawai za a shafa tunda fatar kai tana fid da nata maiƙon. Wanke kai duk sati ko da kitso, shamfu a fatar kan, kuma kar ki rufe sai ya bushe sarai, warin nan da ake ji daga ɗaure jiƙaƙƙen kai ne. Hula ta auduga ki riƙa canzawa kullum, rigar filo duk sati. Mai amosani ta nemi shamfu mai ketoconazole 2% a famasi, sau 2 a sati, a bar shi minti 5 kafin a ɗauraye.

Fuska kuwa sau 2 a rana ya isa da sabulu, ai ga alwala. Sabulun salo, alata samina ɗin nan, yana da kyau amma da ƙarfinsa, ki yi kumfar a tafin hannu kar ki goga curin a fuska. In kin ji fatar ta ɗame tana ja kin wuce gona da iri. Sai ki zaɓi maganin ƙuraje na shafawa ɗaya, salicylic acid 2% ko benzoyl peroxide 2.5%, ki ba shi sati 6 zuwa 8 kafin ki ce baya aiki. Na biyun yana koɗar da kaya, ni ya ɓata min baƙin hijabi sabo. Adapalene, shi ma maganin ƙuraje ne, da dare ake shafawa, kamar ƙwayar wake, mai ciki kar ta taɓa.

Tabo iri biyu ne. Baƙin tabo yana gushewa da kansa, yakan ɗauki wata 6 har shekara, in kin daina matsa ƙurji kina shafa man kariya daga rana SPF 30, eh har mu baƙaƙe, rana ce ke ƙara duhunsa. Lemon tsami da man goge baki ƙuna kawai suke ƙarawa. Haɗin man bilicin ɗin da ake ɗurawa a roba babu suna kuwa ki guje shi, tun 2016 hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana, FDA, ta hana mayukan shafawa masu sinadarin bilicin hydroquinone, wasu kuma steroid ake zubawa ciki, sati biyu ki yi fes daga baya ƙuraje su dawo da gayya fata ta yi siriri jijiyoyi a waje.

Tabon da ya zama rami babu man da zai cike shi, kar wata ta cinye miki sidi a WhatsApp. Wannan sai likitan fata, akwai su a asibitin Korle Bu.